Filin da aka yi gareji a kansa: za a iya gina ajin yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu ya bar mana fili a kudancin Jidda da aka daɗe ana warshar motoci a ciki. Ana juye baƙin mai, ana fasa tsofaffin batira, akwai kuma tankin fetur a binne. Masu haya sun tashi, muna so mu gina gida da ajin karatun yara. Yayana ya ce a zuba siminti a rufe, shi ke nan. Hakan ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku. Da sito za a gina ko wurin ajiye motoci, da maganar yayanki ta kusa isa. Tunda kin ce yara, a dakata da siminti sai an gwada ƙasar, domin abin da za a ɗora a kan fili shi ke nuna irin gyaran da yake bukata.

Batiran nan sun fi tayar mini da hankali. Abin da ke cikinsu dalma ce, ita kuwa ba ta ruɓewa, ba ta ƙafewa. Tana nan cikin ƙurar saman ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki, ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mu Hausawa mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya hallaka yara fiye da 400. Da aka zo gyara ƙauyukan, kankare saman ƙasar aka yi aka binne ta nesa, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Daɓe yana rufe dalma, gaskiya ne, amma ranar da aka fasa shi don gyaran bututu, ƙurar ta sake fitowa.

Fetur halinsa daban. Tankin ƙarfe da ya daɗe cikin ƙasa mai gishiri irin ta Jidda da wuya a ce bai yi tsatsa ya yoye ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma a unguwanni da yawa yana kusa da sama, mai yana hawa kansa ya bi shi har filin maƙwabta. Daga nan tururinsa ke tasowa ta tsagar daɓe da bakin bututu, ya taru a ɗakin da aka rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki. A cikin tururin akwai sinadarin benzin mai jawo sankarar jini. Tunda mai yana bin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ki duba abin da ke kewaye da ku. Kudancin Jidda yankin ma'ajiyar mai ne da matatar da ta yi aiki har 2017, mai yiwuwa wani abin da za a tarar ba daga warshar taku ya fito ba.

An taɓa rufewa a manta a Amurka, a unguwar Love Canal. Kamfanin sinadarai ya binne shararsa, ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala 1 a 1953, aka gina makaranta, a 1978 aka fara kwashe mazauna wurin.

Ki fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ki nemo tsofaffin makanikan su nuna inda suke zubar da mai da inda ake fasa batir, don su suka san filin. Sannan ki ɗauki kamfanin gwaji mai lasisin cibiyar gwamnatin Saudiyya da ke sa ido kan bin dokar muhalli ta 2020. Su haƙa ramuka a wuraren da aka nuna, su ɗebi ƙasa daga sama da can ƙasa, da ruwa in sun tarar, su kai ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya ɗebi cokali guda daga bakin ƙofa ya ce lafiya lau, kada ki biya shi.

Tanki dai fito da shi za a yi ko me gwajin ya nuna, kuma ba da wutar walda ba. Ƙasar da ta sha mai za a iya kwashe ta zuwa wurin da hukuma ta amince, ko a riƙa juya ta ana yayyafa ruwa da taki har ƙwayoyin halittar cikinta su cinye man. Zafin Jidda yana hanzarta wannan, amma da ƙasar ta bushe aikin ya tsaya. Ƙasa mai dalma kuwa kwashewa kawai. In ragowar tururi ya rage, a shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin daɓen, a sa bututu ya fitar da iskar ta saman rufi.

Tsakar gidan da yara za su yi wasa a zuba mata sabuwar ƙasa mai kauri, zogale da sauran ganyen miya a shuka su a tukwane, kada kuma a haƙa rijiya. Takardar gwajin ki haɗa ta da takardun fili, baladiyya (hukumar birni) ko mai saye na iya nemanta wata rana.