Amsa ga mai son buɗe shagon faifan garmaho da abin da ya tara

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama, domin ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce ka daɗe kana tara faya-fayan garmaho har sun haura ɗari huɗu, ga fastoci da tikitocin wasa da wani kwalin faifai mai sa hannun mawaƙi, kana so ka buɗe ɗan shago da su. Kana tambaya ko sun isa jari, da yadda za ka sa musu kuɗi. Shekarata goma sha huɗu a wannan sana'a, kuma yadda kake shirin farawa haka na fara.

Ba su isa jari ba, kuma matsalar ba ta yawa ba ce. Abin da ka tara kunnenka ne ya zaɓe shi, don kanka. Ranar da ka buɗe ƙofa, masu ido ne za su riga kowa shigowa, kafin sati biyu sun tsince talatin ko arba'in mafiya kyau, sauran su zauna suna kallonka. Waɗanda suka tafi kuwa su ne waɗanda ka fi ƙauna. Har yau akwai guda uku da na sayar a watan farko waɗanda ban sake yin ido biyu da irinsu ba, kuma abin yana damuna. Saboda haka kafin komai ka zauna ka ware waɗanda ba za ka iya rabuwa da su ba, ka bar su a gida, ko don ado kada su taka shago. Duk abin da ya shiga shago haja ce, wanda ya taya da kyau a sallama masa.

Sai maganar da na fi so ka riƙe. A wannan sana'a ranar saye ake cin riba. Ranar sayarwa karɓarta kawai kake yi.

Gaskiya ne kasuwar ta farfaɗo. A Amurka, a 2022, an sayar da sababbin faya-fayan garmaho kusan miliyan 41, na CD kuma miliyan 33, karo na farko ke nan da garmaho ya wuce CD a yawa tun 1987. Tun 2008 kuma ake yin Record Store Day duk shekara, ranar da ake fitar da bugu na musamman don ƙananan shaguna masu zaman kansu. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Sabon faifai ribarsa siririya ce, wanda ka sara a wurinsa yawanci ba ya karɓar kwantai, manyan 'yan kasuwar intanet kuma za su iya karya farashi yadda kai ba za ka iya ba. Ka ajiye sababbi kaɗan don masu shigowa su ga shagon yana numfashi. Na hannu su ne ke biyan haya. Ma'ana rabin aikinka ba a shago yake ba, yana gidajen mutane, inda wani ya rasu ya bar tarinsa, ko wani zai tashi ya rasa inda zai kai nasa.

Wata baiwar Allah ta taɓa kirana in duba na mahaifinta. Katan shida ne a wani ɗaki da rufinsa ke ɗaukar zafi, an jibge su kwance, wani kan wani, shekara da shekaru. Ina buɗe na farko warin hunhuna ya buge ni. Na ƙasa nauyi ya danne su har zoben faifan ya fito a jikin kwali, wasu sun manne da juna saboda laima, na gefen taga kuma sun bankare kamar an gasa su. Na zauna a ƙasa na yi ta zaro su ɗaya bayan ɗaya har yamma. Cikin kusan ɗari uku, waɗanda za su sayu ba su kai tamanin ba, amma a cikinsu akwai biyu da suka fi duk sauran daraja a haɗe. Ita ba ta sani ba, so take a kwashe a ba ta wuri. Da na yi musu kuɗin goro da ta karɓa da godiya. Na ware biyun na nuna mata, na gaya mata abin da nake sa ran samu a kansu da abin da zan iya biya. Dole ka saya ƙasa da yadda za ka sayar, da nisa ma, domin kai za ka wanke, ka sauya rigar takardar da faifan ke ciki, ka jira wata shida ko shekara kafin mai so ya zo. Wannan ba cuta ba ce matuƙar ka faɗa a fili. Cuta ita ce ka ga zinariya ka ce ƙarfe ne. Mafi yawan tarin da na saya daga baya, wanda na taɓa saye a wurinsa ne ya turo ni.

Duba faifai kuwa hannu da ido da kunne ne. Ka riƙe shi ta baki da tsakiya, ka kai shi ƙarƙashin ƙwan fitila guda mai ƙarfi, ka riƙa karkata shi a hankali. Hasken ɗaki na yau da kullum ɓoye aibi yake yi. Za ka ga ƙananan zane kamar gashi, waɗanda rigar takarda ke jawowa, yawanci ba a jin su. Wanda farcenka ya tsaya a kansa in ka shafa a hankali, wannan allura ma za ta ji shi, kowane zagaye sai ya yi ƙas. Ka dubi takardar tsakiya, gefen ramin: in ka ga 'yan layuka birjik, alamar an sha ɗora shi ana laluben ƙusa, wato ya sha juyi. Sannan ka ɗora shi ya juya, ka sunkuya ka dube shi ta gefe, ka ga ko yana hawa da sauka.

Akwai aibin da ido ba ya kamawa sosai, shi ya fi cin mutuncin mai shago. Faifan da aka daɗe ana ji da dakusasshiyar allura, ko hannun garmaho mai nauyi, ramukansa sun cinye daga ciki. Allura mai kyau nauyin da take sauka da shi bai fi giram biyu ba ko kusa da haka, na'urori masu araha kuwa sukan ninka wannan. Na taɓa sayar wa wani dattijo faifai yana ƙyalli, na ce masa lafiyayye ne, alhali ban saurara ba. Bayan kwana biyu ya dawo da shi, bai ɗaga murya ba, ya ce in sa waƙar ƙarshe. Duk inda mawaƙiyar ta ja murya sama sai sautin ya yage kamar ana keta ƙyalle. Na mayar masa da kuɗinsa, amma ya fi shekara bai sake leƙo ni ba. Tun daga ranar duk faifai mai daraja sai na saurari farkonsa, da wuri mai shiru a tsakiya, da waƙar da ke kusa da rami, domin a nan lalacewa ta fi bayyana.

Masu wannan harka a duniya da ma'aunin mujallar Goldmine suke magana: matakan lafiyar faifai ne, daga M (sabo fil, ba aibi), sai NM (kusan sabo), VG+, VG, G, har ƙasa. Ka koye shi, ka riƙa ba faifai matsayinsa daban, kwali nasa daban. Ni ban taɓa rubuta M a kan abin da aka buɗe ba. In kuma na yi shakka tsakanin mataki biyu, na ƙasa nake sawa. Gara mai saye ya je gida ya tarar ya fi yadda aka gaya masa.

Sa kuɗi yana farawa ne da sanin wane bugu ne a hannunka. Kundi ɗaya ana iya buga shi sau hamsin a ƙasashe daban-daban, kwali iri ɗaya, daraja kuwa sama da ƙasa. Sirrin yana wurin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Akwai lambobi da haruffa da aka karce ko aka buga a wurin, su ne ke nuna farantin da aka yi bugun da shi, wani lokaci har da masana'anta da wanda ya yanka ramukan sautinsa. Ka kwafe su ka nema a shafin intanet na Discogs, wanda aka kafa a 2000, ya zama matattarar wannan bayani. In ka samu naka, kada ka dubi abin da masu sayarwa ke nema, kowa yana iya neman abin da ya ga dama. Ka dubi tarihin abin da aka biya a zahiri, kuma a kan irin matsayin naka. Ka lura da ƙananan abubuwa: kwalin da aka yanke wa kusurwa ko aka huda, alamar kamfani ya karyar da shi ne bayan ya yi kwantai. Bugun Japan kuma in siririyar takardar nan da ake naɗa masa, obi, ta ɓata, darajarsa ta ragu. Kada rubutun giram 180, wato nauyin faifan, ya sa ka ɗauka sauti ya fi. Nauyi daɗin riƙewa ne, sauti daga yadda aka yanka da tushen da aka ɗauko yake.

Za a riƙa kawo maka tsofaffin nan masu nauyi, masu juyi 78 a minti, ana cewa tun na kakanni ne, don haka dukiya ne. Akasarinsu an buga su da yawa, masu nemansu kuma kaɗan ne. Su ne ake yi kafin kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi a 1948, RCA Victor kuma ya biyo da ƙarami mai juyi 45 a 1949. Ba roba ba ne, da shalak ake yin su, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa. Suna fashewa kamar tangaran, allurarsu ta fi kauri, kuma duk ruwan wanki mai sinadarin alkohol narkar da fuskarsu yake yi. Ka gaya wa duk wanda zai taya ka aiki wannan tun ranar farko.

Ajiya ba ta da wuya: a tsaye, ba a matse ba, ba a jingine ba, nesa da rana da bango mai laima. Ka sauya tsohuwar rigar ciki, amma ka bar ta asali a cikin kwalin. Ka guji ledar nan mai kauri da taushi ta PVC, in ta daɗe da zafi tana barin hazo a fuskar faifai wanda wanki ba ya fitarwa.

Yanzu kayan tarihin. A nan na fi jin tsoro, domin faifai yana faɗin gaskiyarsa in ka sa allura, takarda kuwa ba ta magana. Darajar fasta ko tikiti ko sa hannu tana rataye ne da asalinsa: wa ya samo shi, a ina, ta hannun wa ya biyo. Takardar shaida kowa yana iya bugawa. Na taɓa sayen kwali mai sa hannu daga wani mai daɗin baki, na rataye shi ina alfahari, sai wani tsohon mai tarawa ya juya bayansa ya nuna mini layukan nan na farashi da na'ura ke karantawa. Ba a fara sa su a kwalin faifai ba sai ƙarshen shekarun 1970, mawaƙin kuwa ya rasu tun kafin nan. Na sauke shi a ranar, ban sayar wa kowa ba. Haka alƙalami: makar nan mai suna Sharpie a 1964 ta fito, don haka sa hannun da aka ce na shekarun 1950 ne da irinta, ka san inda ka ajiye shi. Ko na zamanin ma, manyan mawaƙa da yawa ma'aikatansu ne ke sa musu hannu saboda yawan masu nema. Fasta kuma wadda aka buga don tallar wasa kafin a yi shi daban take da wadda aka sake bugawa daga baya don sayarwa.

Kuma don Allah kada ka gyara komai. Kada ka manna salatif, kada ka datse gefen da ya tsufa, kada ka kai tikiti a liƙe shi da leda mai zafi, domin wanda aka buga a takardar nan da zafi ke fitar da rubutunta baƙi ƙirin zai koma nan take. A 1966 kamfanin Capitol ya janye kwalin wani kundin ƙungiyar mawaƙan Ingila, Beatles, mai suna Yesterday and Today saboda hoton ya tayar da ƙura, ya manna sabon hoto a kan da yawa daga cikinsu. Mutane sun yi ta ɓare na saman da hannunsu don su ga na ƙasa, da yawa suka lalata abin da ya fi daraja in an bar shi yadda yake.

Da ni ne kai, ba zan kama haya bana ba. Zan yi wata shida ina sayarwa ta intanet da wuraren baje koli, ina rubuta abin da na saya da abin da ya fita da kwanakin da ya yi a hannuna, har in ga ko ina iya samo sabon kaya duk wata. Wannan littafin shi zai gaya maka ko lokacin shago ya yi.

Kwalin nan naka mai sa hannu, ka ɗauko mana hoton bayansa gaba ɗaya, da takardar tsakiyar faifan, da lambobin da ke kusa da ita ta fuska biyun. Ka haska fitila ta gefe don su fito. Ka kuma gaya mana daga hannun wa ka same shi, sai mu duba tare.