Ku Tambayi Makaniki: Kwamfutocin da Ba Su Cika Tafin Hannu Ba

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan ƙananan allunan kwamfuta suka tsaya. Na zaɓi huɗu. Masu tambaya kan gyaran inbata su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji wai akwai kwamfuta ta dala biyar. Gaskiya ne? In gaskiya ne, za ta iya maye mini gurbin laftof a karatuna? *Daga wani ɗalibi.*

Amsa: Ɗana, gaskiya ne, sunanta Raspberry Pi Zero. Ta fito a watan Nuwamba na 2015 a kan dala biyar, tsawonta milimita 65, faɗinta 30. Saboda arharta har kyauta aka liƙa ta a bangon mujallar The MagPi. Amma fa dala biyar ɗin kuɗin allon ne tsirararsa a wancan lokacin. Babu katin memori, babu caja, babu kibod, babu monita, ramin da za ka jona talabijin ma ƙarami ne, sai ka nemo masa mahaɗi. Ram ɗinta, wato inda take riƙe aikin da take kan yi, megabait 512 ne kacal. Ka buɗe shafin intanet guda mai hotuna, za ka ga tana jan ƙafa har ka gaji. Ƙanwarta Zero 2 W ta 2021, mai dala 15, ta fi ta gudu sosai, sai dai ram ɗin yana nan a 512.

Mai son ya yi rubutu da bincike sai ya hau manyan 'yan uwanta, Pi 4 ko Pi 5. Pi 5 mai gigabait 4 ta fito a 2023 a kan dala 60, kuma kafin ka gama haɗa mata kaya ka kusa kuɗin tsohuwar laftof, wadda ta zo da batirinta da fuskarta. Ni dai in karatu ne kawai, laftof ɗin zan ce ka saya. Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila, da suka fitar da Pi ta farko a Fabrairun 2012 kan dala 35, abin da ya dame su shi ne ɗaliban da ke neman karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwan ma ba su taɓa tsoma hannu a cikin na'ura ba. Abin da suke so shi ne allon da yaro zai yi ta jagwalgwalawa, in ya ƙone ba a yi babbar asara ba. A nan take da amfani, kuma in wannan kake nema, bismilla.

Tambaya: Malam, na sayi Pi 4 don ta riƙa kunna famfon ruwa in tanki ya yi ƙasa, ta kashe in ya cika. Sau da yawa in wuta ta ɗauke ta dawo, sai ta ƙi tashi, sai na sake zuba mata manhaja a kati. Allon ne ba shi da kyau? *Daga wani mai sha'awar haɗe-haɗe.*

Amsa: Allonka lafiya lau yake, Malam. Tirela ka ɗauko don kai buhu ɗaya.

Allunan nan iri biyu ne, kuma kamanninsu ke rikita mutane. Pi 4 cikakkiyar kwamfuta ce, Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, take gudanarwa daga katin memori. Ko ba ka sa ta komai ba, tana nan tana rubuce-rubucenta a kan katin. In wuta ta yanke a daidai lokacin da take tsakiyar rubutu, abin da ke kan katin ya hargitse, wani lokaci har ɓangaren da take tashi da shi. Shi ya sa ake kashe ta da umarni kafin a zare waya. To wa zai ba ta umarni tsakar dare?

Iri na biyu kwanturola ne, ba ya ɗauke da Linux ko wani babban tsari. Shiri guda ɗaya kake zuba masa, ya zauna a cikinsa. Da wuta ta zo, kafin ƙiftawar ido ya kama aiki, in ta ɗauke ya tsaya, babu abin da ya lalace. Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, irin wannan ne. Arduino Uno R3 ram ɗinsa kilobait 2 ne, gudunsa megahaz 16, kuma wallahi ya ishi famfonka har ya yi yawa. Akwai Raspberry Pi Pico na 2021 mai dala huɗu, da kilobait 264. In kana son ka riƙa ganin matakin ruwa a wayarka, ga ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, ya zo da wayfay da bulutut a jikinsa, ko Pico W mai dala shida. Ƙari a kan haka, wutar da kwanturola ke ci ba ta kai ko kusa da ta Pi 4 ba, ƙaramin batir zai riƙe shi.

Ba ka faɗa mini yadda ka jona famfon ba, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Ƙafafun Pi da na Pico da na ESP32, wato 'yan tsinkayen ƙarfen da ake jona musu waya, da bolt 3.3 suke aiki. Ka ba ƙafar Pi bolt biyar, ta ƙone, wani lokaci ta ja ƙwaƙwalwar allon gaba ɗaya. Uno ne mai bolt biyar, don haka kada ka ɗauko zanen haɗin Uno ka kwafa a kan Pi ido rufe. Kuma ƙafa ɗaya ta Pi ba ta ba da fiye da kamar miliamfiya 16. Ƙaramin ƙwan LED za ta iya kunnawa, ba rile ba, wato makunnin da ƙaramar wuta ke ja don ya kunna babba. Tsarin shi ne ƙafa ta taɓa tiransista, tiransista ta ja rile, a sa dayod a juye a kan nadin rilen domin ya shanye wutar da ke harbowa baya in an kashe shi. Allunan rile da ake sayarwa a haɗe galibi sun zo da waɗannan. Su ma kada ka ɗora musu famfo kai tsaye ko da an rubuta amfiya 10 a jikinsu, domin injin famfo yana fizgar ninkin wutarsa sau da yawa a lokacin tashi, bakin rilen ya narke ya manne, famfo ya yi ta aiki har tanki ya yi ambaliya. Rile ya kunna kwantakta, wato babban rile mai jure wuta mai yawa, kwantakta ta kunna famfo. Wannan ɓangaren na babbar wuta ka kira mai wayarin ya yi maka, ba wurin koyo ba ne.

In ka nace sai da Pi, wataƙila don kana son kyamara ko adana bayanai, akwai zaɓi a cikin raspi-config, manhajar saita Pi, da ke mai da katin na karantawa kawai, duk rubutun ya tsaya a ram. Hakan na rage matsalar sosai. Ka kuma sani Pi 4 ba ta da agogon da ke ci gaba in babu wuta, daga intanet take ɗaukar lokaci, sai in ka ƙara mata ɗan allon agogo irin DS3231.

Tsakanina da kai, makunnin nan mai yawo a saman ruwa da kwantakta kawai sun gama wannan aikin ba tare da kwamfuta ba. Amma na san ba ruwan ne kaɗai ya sa ka fara ba.

Tambaya: Malam, Pi 4 ɗina tana yawan nuna gargaɗin ƙarancin wuta, alhali cajar wayata mai wat 33 nake sa mata. *Daga wata mai koyon shirya manhaja.*

Amsa: Malama, wat 33 ɗin nan na waya ne. Caja mai sauri tana kaiwa can ne ta hanyar ɗaga bolt zuwa tara ko fiye bayan sun daidaita da wayar. Pi 4 bolt biyar kawai take karɓa, kuma tana son amfiya 3. Ki duba ƙananan rubutun da ke jikin cajar, layin bolt biyar shi ne naki. Gargaɗin yana fitowa ne in wuta ta sauka ƙasa da kamar bolt 4.63, kuma sau da yawa igiyar ce mai laifi. Siririyar igiya mai turjiyar om 0.3, in amfiya 2 ta bi ta cikinta, bolt 0.6 ya salwanta a hanya, biyar ta koma 4.4. Shi ya sa cajar da aka yi domin Pi 4 take ba da 5.1. Ki fara da canza igiya, gajeriya mai kauri. Kada ki yi biris da gargaɗin, domin allon yana rage gudunsa, kuma kati na iya lalacewa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina son in buɗe wa ɗalibaina ƙungiyar koyon lantarki, kuɗin kuma kaɗan ne. Na ga wasu alluna masu kama da Pi, sun fi ta ram, sun fi ta arha. In saye su? *Daga wata malamar kimiyya.*

Amsa: Allah ya saka miki, Malama. Alluna irin su Orange Pi da Banana Pi na gaske ne, wasunsu ma a takarda sun fi Pi ƙarfi, kuma wanda ya goge da Linux yana morar su. Amma Hausawa sun ce arha ba ta ado. Ranar da kyamara ta ƙi aiki ana tsakiyar darasi, abin da kike buƙata shi ne bayani a rubuce da kuma mutane dubbai da suka riga ki faɗawa wannan ramin. A nan Pi da Arduino suka yi wa saura fintinkau. Pi ta 2012 har yanzu tana tashi da manhajar da ake fitarwa. Ki kwatanta da C.H.I.P., kwamfutar dala tara da ta tara sama da dala miliyan biyu a Kickstarter, shafin tara kuɗi daga jama'a, a 2015. Allo ne mai kyau, amma zuwa 2018 kamfanin ya durƙushe, waɗanda suka sayi allon suka koma dogaro da abin da 'yan sa kai suka adana.

Kwafin Arduino kuwa daban ne. Zanen Uno a buɗe yake ga kowa, don haka waɗanda wasu kamfanoni ke bugawa galibi suna aiki daidai. Mafi yawansu dai suna da guntun CH340 a wurin USB, wani lokaci sai kin saka wa kwamfuta direbansa, wato ƙaramar manhajarsa, kafin ta gane su.

In ni ne, Pico zan saya wa yaran, wanda aka riga aka haɗa wa ƙafafu da dalma, sunansa Pico H. Ana rubuta masa shiri da yaren MicroPython a cikin manhajar Thonny, yaro ya rubuta layi biyar ya ga ƙwai yana ƙyaftawa nan take. Ki tuna sai da kwamfuta ake zuba masa shiri, amma tsohuwar laftof guda za ta ishi yara uku ko huɗu. Pico yana kuma iya karanta sensar haske ko ta zafi mai ba da bolt mai hawa da sauka, abin da babbar Pi ba ta yi sai an ƙara mata guntu irin MCP3008.

Kada ki ƙarar da kuɗin a kan alluna. Ki ware rabi don allon gwaji mai ramuka, da wayoyin sokawa, da ƙwayayen LED, da rizista mai om 330, da maɓallai, da mita ko da guda biyu ne. Ki koya musu auna bolt da mita tun ranar farko, kafin su taɓa kibod. Sannan ki ajiye alluna biyu a aljihun tebur kada ki faɗa musu, domin kafin zango ya ƙare wani zai jona bolt biyar inda bai kamata ba.