Ƙanena, ga amsar tambayarka kan karatun ruɓewar itace

Assalamu alaikum. Na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a fannin gandun daji, kana so ka zo Finland ka karanci yadda ake hasashen ruɓewar mataccen itace da lissafi, amma abokanka na cewa wannan ba karatun da za a ƙetare teku dominsa ba ne.

Kada maganarsu ta dame ka. Kusan kashi 8 cikin 100 na kabon (sinadarin da hayaƙinsa ke ɗumama duniya) da ke dazuzzukan duniya yana cikin gungumen da ya faɗi da bishiyar da ta bushe a tsaye. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a dazuzzuka 55 a nahiyoyi shida, ya ƙiyasta cewa mataccen itace yana fitar da kabon tan biliyan 10.9 a shekara, galibinsa daga ƙasashe masu zafi.

Tushen lissafin shi ne na wani masani mai suna Olson, tun 1963: kowace shekara itacen yana rasa wani kaso tsayayye na abin da ya rage masa. In kashi 3 cikin 100 ne, rabinsa zai tafi cikin shekara 23. Tsarin lissafi na kwamfuta mai suna Yasso, wanda 'yan Finland suka ƙirƙira kuma suke amfani da shi wajen ba Majalisar Ɗinkin Duniya rahoton hayaƙinsu, ya zurfafa: yana raba itacen gida-gida gwargwadon sinadaran da ke saurin narkewa da masu taurin kai, sannan ya haɗa da zafi da ruwan sama da kaurin gungumen. Aikinmu kuwa yanka faifan itace ne, busarwa a tanda, aunawa, sai zama gaban kwamfuta. Aiki ne mai cin rai. A dajin H.J. Andrews da ke Oregon a Amurka, wani masani mai suna Mark Harmon ya ajiye gungumomi a 1985 da niyyar a bi su shekara 200.

Ga abin da ya sa nake so ka zo. Waɗannan tsare-tsare a ƙasar sanyi aka gina su, inda naman kaza da dangoginsa ke cin itace a hankali, kuma babu gara a dajin Finland. Kai kuwa ka tashi kana ganin gara ta cinye ƙyaure a damina guda, ka san dalilin da ya sa ake rufi da azarar giginya, ka san kirya ba ta ruɓewa kamar kuka. Wani bincike na 2022 ya nuna cin da gara ke yi wa itace yana ninkawa kusan sau bakwai in zafi ya ƙaru da digiri 10. Ƙari a kan haka, a wajenmu reshe ba ya daɗewa a ƙasa, masu neman itacen girki sun kwashe. Tsarin da bai lissafa waɗannan ba, zai yi kuskure a dajin Falgore ko Yankari.

Sai dai ka shirya. Tun 2017 ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana biyan kuɗin makaranta, don haka kada ka taso sai da tallafi a hannu. Duba Jami'ar Helsinki da ta Gabashin Finland da ke nan Joensuu. A watan Janairu ake neman yawancin guraben. Abin da ya fi wahalar da ni a shekarar farko lissafin ƙididdiga ne da manhajar R da ake yin sa da ita a kwamfuta, ya fi duhun hunturu. Fara koyonsu yau.

Kafin ka zo, samo guntayen kirya da marke da kuka masu kauri ɗaya, ka auna su a bushe, ka lulluɓe rabi da ragar ƙarfe don hana gara, ka ajiye a gona. Ka sake aunawa bayan damina, ka turo min alƙaluman mu duba tare kafin ka rubuta takardar neman gurbi. Gai da su Baba da Inna.