Mawaƙin da ya ƙi zuwa gasar Turai saboda harshensa

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji labarin wani mawaƙin Sifaniya da aka zaɓa ya wakilci ƙasarsa a gasar waƙa, ya ce ba zai je ba sai an bar shi ya rera da yarensu. Wane ne shi, kuma yaya aka ƙare? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, Joan Manuel Serrat kike nufi. An haife shi a 1943 a Poble-sec, unguwar ma'aikata a Basalona. Mahaifinsa ɗan Kataloniya ne, yankin Sifaniya da Basalona take ciki, mahaifiyarsa kuwa 'yar Belchite ce a yankin Aragon, garin da yaƙin basasa ya mayar kufai. Da harshe biyu ya tashi, Katalanci da Sifaniyanci, kuma nan ne tushen duk rigimar da ya sha.

A 1968 gidan talabijin na gwamnati ya zaɓe shi ya je gasar Eurovision, wato gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a Landan. Ana saura ƙasa da mako biyu sai ya ce atafau da Katalanci zai rera. Ki tuna zamanin Janar Franco ne, mai mulkin kama-karya a Sifaniya, wanda ya kori wannan harshe daga makarantu da ofisoshi. Nan take aka ba wata mawaƙiya, Massiel, waƙar. Ta je ta ciyo gasar da ratar maki ɗaya tak a kan ɗan Ingila. Shi kuwa gogan, aka rufe masa ƙofar talabijin ta gwamnati shekara da shekaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Ana zaton zai yi zuciya ya bar Sifaniyanci, sai ga shi a 1969 ya sa wa waƙoƙin Antonio Machado kiɗa, marubucin da ya rasu yana gudun hijira a Faransa a 1939. A 1972 ya yi haka da na Miguel Hernández, wanda ya mutu a kurkukun Franco a 1942. Wato ya ɗauko muryar waɗanda mulkin ya so a manta, ya shigar da ita gidajen mutane a faifai. Wasu 'yan Kataloniya kuma suka ɗaure masa fuska, wai ya koma harshen masu mulki. Gaba kura, baya sayaki.

A Satumban 1975 yana Meziko gwamnatin Franco ta harbe mutum biyar da aka yanke wa hukuncin kisa. Ya fito gaban 'yan jarida ya la'anci kisan, aka ba da umarnin kama shi. Bai taka ƙasarsa ba sai 1976, bayan Franco ya mutu. Pinochet ma, shugaban mulkin soja na Chile a lokacin, ya hana shi shiga ƙasar.

Kada ki ɗauka da dimokuraɗiyya ta zo an bar shi ya huta. A 2017 ya soki yadda aka shirya ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar Kataloniya, sai wasu masu neman ɓallewa suka riƙa kiransa ɗan fasist, wato mai goyon bayan mulki irin na Franco. Mutumin da ya rasa gasar Turai saboda Katalanci! Ni dai a ganina ba su yi masa adalci ba ko kaɗan.

Ya yi wasansa na bankwana ranar 23 ga Disamba 2022 a zauren Palau Sant Jordi da ke Basalona, yana dab da cika shekara 79.