Jarrabawar NREMT kaɗai ba ta isa a fara aiki ba

Ka tambaya ko cin jarrabawar NREMT, wato ƙungiyar da ke tantance ƙwarewar ma'aikatan agajin gaggawa, ya isa mutum ya fara aikin agajin gaggawa a motar ɗaukar marasa lafiya a Amurka, kuma ko aikin zai riƙe iyali. Bai isa ba, domin takardar NREMT shaidar ƙwarewa ce kawai. Jihar da za ka yi aiki a cikinta ce ke ba da lasisi, kuma kowace jiha da nata sharuɗɗan.

Game da albashi kuwa, abin da na gani shi ne na matakin farko ba shi da yawa, shi ya sa da dama daga cikinmu suka dogara da aikin ƙarin lokaci har sai da suka ƙara karatu suka kai matakin faramedik, wato babban matakin ma'aikatan agajin gaggawa. Takardar ma ana sabunta ta ne duk bayan shekara 2.