Abin da ya sa ba a tambayar mutumin Awzu ƙasarsa

Jikana, saƙonka ya iso. Ka ce ka tambayi wani Batube, wato ɗan ƙabilar Tubu ta hamada, mutumin Awzu, ko shi ɗan Chadi ne ko ɗan Libiya, ya tashi ya bar maka wurin, kuma kana son sanin ko al'adarsu ce ta hana. Na yi murmushi da farko, daga baya kuma raina ya sosu, domin ka taɓa masa gyambo ba tare da ka sani ba.

Ina saurayi na yi aikin yaron mota a Libiya, muna ɗaukar fulawa da sukari daga Sabha zuwa kudu. A haka na shiga Awzu, 'yan shekaru bayan sojojin Gaddafi sun mamaye shi a 1973. Ƙaramin gari ne a gindin duwatsun Tibesti, mai itatuwan dabino. Wani dattijo ya zo sayen sukari; ya tsugunna can nesa, ya ja rawani ya rufe bakinsa, suka yi ta gaisawa da maigidana har na ƙosa. An tambayi raƙuma, an tambayi ruwa, an tambayi dabino da dangi, amma ba wanda ya ambaci ƙasa. Da zai biya, ya kwance layar fata da ke wuyansa, na hango takardu biyu a naɗe: tsohon rasit na harajin Chadi da sabon katin ɗan ƙasa na Libiya. Na buɗe baki zan yi magana, maigidana ya take mini ƙafa. Da dare ya ce mini mahaifinsa yakan ce idon baƙo ko ya kai tulu ba ya ganin gari, kuma mutumin hamada rijiyarsa da danginsa ake tambaya.

Ba mutanen Awzu ne suka ja layin iyakar Chadi da Libiya ba. Faransa, mai mulkin mallakar Chadi a lokacin, ta yi wa Italiya, mai mulkin mallakar Libiya, alkawarin yankin a 1935, amma yarjejeniyar ba ta taɓa fara aiki ba. A watan Agustan 1987 sojojin Chadi suka ƙwace garin, Libiya ta sake karɓe shi kafin watan ya ƙare. Sai a ranar 3 ga Fabrairun 1994 Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa na Chadi ne, bisa yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya, sojojin Libiya suka janye a ƙarshen Mayu, suka bar nakiyoyi a binne. Daga baya Libiya ta soke 'yancin zama ɗan ƙasa na waɗanda aka yi wa rajista a Awzu, 'ya'yansu da yawa suka rasa makaranta da asibiti.

Ku yaran yanzu ba ku gama gaisuwa kafin ku shiga tambaya, kuma hakan yana damuna ƙwarai. Ka nemi mutumin nan, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi iyalinsa, ka ba shi haƙuri.