Takardar gayyatarka ba motar haya ba ce

Wasiƙar wannan karon daga Nima ta zo, cikin birnin Accra. Mai ita Bakano ne, mai zane, ya daɗe yana ci-rani a Gana. Da rana yana rubuta allunan shaguna, da dare yana nasa zanen da fenti da ruwan baba. Ga abin da ya ce, na taƙaita:

"Wani gidan masu fasaha a Paris ya ɗauke ni zaman aiki na wata uku, daga farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu. Za su ba ni ɗakin aiki da wurin kwana da alawus, har sun aiko takardar gayyata. Tun da labari ya isa gida barci ya ƙaurace mini. Baffana, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce lallai in tafi da ɗansa a matsayin mai taimaka mini. Ya samo wani ejan da ya ce zai ƙara sunan yaron a takardar, ya haɗa mana bayanan banki, a biya shi rabi yanzu, rabi in biza ta fito. Yayata kuma ta ce in na shiga kada in kuskura in dawo. In na ƙi, cewa za a yi na samu duniya na manta zumunci. Yaya zan yi?"

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sanya alheri. Kafin komai: kada takardar nan ta shiga hannun ejan ɗin, ko da hotonta ne ta WhatsApp. In ka riga ka tura wa Baffa, ka kira shi yau ka ce kada ta wuce wayarsa.

Abin da mutumin nan zai yi ba wani sirri ba ne. Zai buɗe takardar a kwamfuta, ya cusa layi ɗaya mai cewa za ka zo da mataimaki, ya bar sa hannu da hatimi yadda suke. A ido ba za ka gane ba. Sai dai ma'aikacin biza ba da ido kaɗai yake aiki ba. Sunan ma'aikaciyar gidan da ta sa hannu da adireshinta na imel suna nan a jikin takardar, kuma saƙo guda ya isa: mutum nawa kuka gayyata? Ta ce ɗaya. Shi ke nan, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba yaron kaɗai za a hana ba, har da kai, domin gabatar da takardar jabu dalili ne na ƙin biza da ke rubuce a dokar Shengen, wato yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Faransa. Za a ajiye wannan ƙin a rumbun bayanan biza tare da hoton yatsunka har shekara 5, kuma ofisoshin jakadancin ƙasashe 29 na yankin duk suna iya gani. Ka nemi ta Jamus baɗi, abin yana gabansu. A dokar Faransa kuwa, ƙirƙirar takarda ko amfani da ita laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa shekara 3 a kurkuku da tarar Yuro 45,000. Ejan ba zai ɗangwala yatsa ko ɗaya ba. Yatsunka ne a ciki.

Na ga irin wannan da wani makaɗi da aka gayyata bikin al'adu shi da mutum biyu. Kafin takarda ta isa ofishin jakadanci sun zama bakwai, huɗun ko ganga ba su taɓa ratayawa ba. Aka hana su gaba ɗaya, masu bikin suka yanke hulɗa da shi, ejan ya kashe waya da rabin kuɗin da ya karɓa. Wannan "rabi yanzu" ɗin shi ne ainihin cinikin. Bai damu biza ta fito ko kada ta fito ba. In ta fito ya karɓi ciko, in ba ta fito ba ya ce Turawa ne suka tsananta bana. Kuma kusan gaskiya yake faɗa, shi ya sa ƙaryar take shiga: a 2023 da 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na masu neman bizar Shengen daga Najeriya an hana su. A irin wannan yanayi kai ka samu abin da dubban mutane ba su da shi, wato gayyata ta gaskiya daga gidan da za a kira a same shi, mai ɗauke da wurin kwana da kuɗin kashewa. Ita za ka kai wa mai wanki da tawada?

Haka batun bayanan banki. Ka kai naka na gaskiya, ko da abin da ke shiga kaɗan ne, kuɗin allon shago yau, kuɗin zane gobe. Asusun da ya yi wata biyar yana numfashi da ƙyar, sannan rana ɗaya miliyoyi suka faɗo ciki mako biyu kafin neman biza, shi ne abin da suka fi saurin ganewa. Tunda gidan ne zai ɗauki nauyinka, ka roƙe su su rubuta a fili nawa ne alawus ɗin, wa zai biya tikiti, ina za ka kwana. Wannan ya fi kowane asusun aro ƙarfi.

Akwai kuma abu biyu a wasiƙarka da kai ba ka ɗauke su matsala ba, ni kuwa su suka tsaya mini a rai. Ka ce farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu. Ɗauki kalanda ka ƙirga: 31 da 30 da 31, kwana 92 ke nan. Gajeriyar biza kwana 90 ce a cikin kowane kwana 180, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana lissafa su. Kwana biyun nan sun isa su sa a rubuta ka cikin waɗanda suka wuce wa'adi, balle yanzu da tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara rajistar shiga da fita ta na'ura a iyakokin Shengen, kwamfuta ke ƙirga kwanakin, ba ma'aikacin da zai duba hatimi ya kau da kai ba. Ka rubuta wa gidan, ko dai su rage kwanakin su koma 88 ko ƙasa, ka bar wa kanka sarari ko jirgi zai yi jinkiri, ko kuma su taimaka maka ka nemi doguwar biza tun farko. Sun saba da wannan tambaya, kada ka ji nauyi.

Na biyun: ba ka faɗa mini da wace takarda kake zaune a Gana ba. Da yawa daga cikinmu fasfon ECOWAS muke riƙewa mu ɗauka ya wadatar, alhali kwana 90 kawai yake ba mutum ba tare da izinin zama ba. Ƙa'idar ita ce mutum ya nemi biza a ƙasar da yake zaune bisa doka. In kana da izinin zama daga hukumar shige da fice ta Gana, ka nema a Accra. In babu, kada ka bari wani ya ce zai "samo" maka shi cikin mako guda; ka shirya zuwa Abuja ko Legas. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, saboda haka ka fara cike fom ɗinka a shafin France-Visas da wuri, da hannunka. Kuɗin bizar Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, sai inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Sauran ka san su.

Yanzu mu zo kan Baffa, don na san nan ne ciwon yake. Mutumin da ya riƙe marayun ɗan'uwansa yana da haƙƙi a kanku har abada, ba ni ne zan rage masa ko ƙwayar zarra ba. Amma haƙƙinsa bai kai ga ya sa ka yi ƙarya da sunan mutanen da suka amince da kai ba. Gidan nan ya duba aikin mutane da yawa ya zaɓi naka, ya sa sunansa a takarda ya ce mun tsaya wa wannan. Amana ce, kuma ba a biyan bashin riƙo da cin amanar wani. Babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci, Baffa ya fi ni sanin wannan. Ina kyautata masa zato: ɗansa yake gani zaune ba aiki, ejan kuma ya zo ya ce masa ai abu ne mai sauƙi, kowa haka yake yi. Bai san abin da ake sa shi ya jefa ku ciki ba, ku biyun. Amma rashin saninsa ba zai zama dalilin da za ka bi shi ba.

Kuma ka lura da abin da ake nema a wurinka da sunan zumunci. Shekarun da ka yi kana shaƙar tina, ruwan narkar da fenti, a rana kana zanen allon mai gyaran waya, ba wanda ya ce a raba wahalar. Yau da ƙofa ta buɗe, an ce ka sa ƙafa ka tokare ta kowa ya shige, in ta karye a kanka kai ka sani. Ban yarda wannan zumunci ba ne, kuma ina bayanka a kan ƙin sa.

Kada ka yi maganar nan ta waya cikin fushi, kada kuma ka tura saƙon murya da za a yi ta yawo da shi a dangi. In da hali ka je Kano, tunda wataƙila ma zuwa Abuja ya kama ka. Ka fara da mahaifiyarka, ka fahimtar da ita, sannan ka samu wani dattijo da Baffa ke jin nauyinsa ku je tare. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: Baffa, takardar nan mutum ɗaya aka rubuta, in aka taɓa ta ni da ɗan'uwana duka za a hana mu biza, abin ya zauna a rumbunsu shekara biyar, kuɗinka kuma ya tafi. Sannan kada ka tashi hannu rabbana. Ka ce kuɗin da za a ba ejan a sa wa yaron a jari ko koyon sana'a, kai ma za ka sa abin da ya sawwaƙa in ka dawo. Zai yi fushi, wataƙila ya yi wata biyu ba ya ɗaga wayarka. Ka ci gaba da kira, ka ci gaba da aika gaisuwar Juma'a. Fushin baffa yana hucewa.

Maganar Yaya kuwa, ta "kada ka dawo", soyayya ce ta wanda bai ga wurin ba. Ranar da bizarka ta ƙare ka zama marar takarda, gidan ya karɓi makullinsa, ba ka da ikon kama haya ko yin aiki da sunanka. Duk wanda ya bi ta La Chapelle a arewacin Paris ya ga tantunan da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, kuma da yawan masu kwana ciki da biza mai kyau suka shigo ko da dogon buri. In 'yan sanda suka tare ka, takardar da ake kira OQTF za a miƙa maka, umarnin barin ƙasa, sau da yawa haɗe da haramcin dawowa. Mai zanen da ke wanke kwanuka da takardar wani ba ya baje koli, domin ba zai iya sa sunansa a bango ba. Sannan ka rufe ƙofa ga na bayanka: gidan da baƙonsa ya ɓace yakan yi dogon tunani kafin ya sake gayyato wani daga ƙasarmu.

Wanda ya dawo kuwa lissafinsa daban ne. Tun 2020 dokar biza ta tanadi cewa wanda ya samu biza uku cikin shekara 2 ya yi amfani da su yadda ya kamata, ana iya ba shi ta shekara guda mai shiga da fita, daga nan ta shekara 2, daga nan ta 5. Gidajen masu fasaha irin wannan kuma sun san juna. Cité internationale des arts da ke Paris, wadda aka buɗe a 1965, tana da ɗakunan aiki sama da 300. Akwai Rijksakademie a Amsterdam, akwai Schloss Solitude a Stuttgart, a nan yankinmu akwai Black Rock da Kehinde Wiley ya kafa a Dakar a 2019, da gidan G.A.S. na Yinka Shonibare a Legas. Shaida ɗaya mai kyau daga Paris ita ke buɗe na gaba. In ma zaman Faransa kake so nan gaba, akwai katin zama na masu fasaha da ke kaiwa shekara 4, ana nemansa da kwangila da shaidar aiki, ba da ɓuya ba.

Ka gaya wa gida tun yanzu cewa alawus ba albashi ba ne. An auna shi ne daidai abinci da kuɗin jirgin ƙasa da kayan aiki a gari mai tsada, in an juya shi naira ne yake zama kamar dukiya. In ka fara aikawa da shi, a wata na biyu za ka rasa kuɗin fenti, ka kai ranar buɗe ɗaki ga baƙi bango wayam, alhali wannan ranar ce dalilin tafiyar. Gayyatar ta ba ka damar aikin da aka kira ka dominsa ne kawai, ba aikin kanti ko gidan abinci da yamma ba. In wani ya so sayen zanenka, ka tambayi ma'aikaciyar gidan yadda ake yi kafin ka karɓi ko sisi.

Wajen haɗa kaya, ka cire zanukanka daga katako ka naɗe su cikin bututun kwali, fenti yana kallon waje. Tina da duk abin da ke kama wuta ba sa hawa jirgi, ka saya a can. In kana haɗa fata a aikinka, ka guji ta kada da ta mesa da ta damo, suna buƙatar izinin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, kuma kwastan ba sa jin "ai ado ne". In daga Najeriya za ka tashi da zanuka, ka nemi takardar izinin fitarwa daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Kilishi da dambun nama da man shanun da Umma za ta ƙulla maka, ka ci abinka kafin ka tashi, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji sun fi sauƙin wucewa, kuma shagunan unguwar Château Rouge a Paris suna da yawancin abin da za ka nema.